Inuwar Waya a Kan Aska Takwas

Yayana mai ɗinkin hannu ne a Zariya, babbar riga ce sana'arsa tun yana saurayi. A ƙarshen damina ya kammala wata riga ta farar shadda, aikin aska takwas da zare ruwan madara, wadda ta ci masa watanni. Ranar da mai ita ya aiko a karɓa, sai ya shimfiɗa ta a kan tabarma a tsakar gida, ya tsaya a kanta da waya ya ɗauki hoto ɗaya tak, aka naɗe ta aka tafi da ita. Da hantsi ne, rana kuwa tana bayansa. Inuwar kansa da kafaɗunsa ta rufe ƙasan rigar, inuwar hannunsa da wayar ta kwanta a kan aljihu, daidai inda asaken suke, sannan igiyar shanya ta ja wani layi mai duhu tun daga kafaɗar dama har cikin tambari.

Da ya kira ni, cewa ya yi, "Ƙanena, wannan ne kaɗai hoton da nake da shi, kuma shi nake so in riƙa nuna wa masu tambayar aikina. Ka duba ko akwai dabara."

Kafin ya kira ni ya riga ya gwada wata manhaja ta waya, irin wadda ake shafa yatsa a kan abu ya ɓace. Ya turo min sakamakon. Inuwar ta tafi, amma ta tafi da aikinsa. Inda aska biyu suke kusa da juna manhajar ta haɗe su, ta ƙirƙiro wasu zare da ba su bi hanyar allura ba, bakin aljihun kuma ya narke cikin shaddar. Wanda bai san ɗinki ba zai iya cewa ya yi kyau. Shi kuwa Yaya abin ya ɓata masa rai, kuma na fahimce shi. Irin waɗannan kayan aiki ba sa duba abin da ke ƙarƙashin inuwa. Suna cire wurin ne ɗungurungum, su cike gurbin da abin da suka kwaso daga gefe, ko abin da suka zata ya dace. Haka Content-Aware Fill da Photoshop ya zo da shi a 2010 yake aiki, Generative Fill na 2023 ma cike gurbi yake yi da sabon zane. A kan bango ko daɓen siminti ko sararin sama suna da amfani ƙwarai. A kan aikin allurar mutum kuwa, ba cike gurbi ake nema ba, domin babu gurbi. Zaren yana nan, haske ne bai ishe shi ba.

Na ce masa, "Yaya, kar ka sake turo shi a matsayin hoto. Ka shiga wurin tura takardu a WhatsApp, ka zaɓo asalin fayil ɗin daga cikin waya." WhatsApp yana matse hoto ya rage masa girma idan an tura shi ta hanyar da aka saba, kuma wurare masu duhu ne suka fi jin jiki a wannan matsi. Da asalin ya iso na zuƙo shi sosai a kan aljihun, sai hankalina ya kwanta: kowace sukar allura tana fitowa, dishi-dishi dai, amma tana nan.

GIMP na buɗe, wata manhajar gyaran hoto ta kwamfuta. Kyauta ake sauke shi, ba ya neman kuɗin wata, kuma tsohuwar kwamfutata tana ɗaukarsa ba tare da nishi ba. Wasu ɗalibai biyu ne, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka fara shi a 1995 a Berkeley ta ƙasar Amurka, har yau kuma masu sa kai ne ke raya shi. Kusan duk abin da zan faɗa a nan ana iya yin sa a Photoshop, ko a Photopea da ke aiki kai tsaye a shafin intanet, sai dai sunayen maɓallai sun ɗan bambanta. Na adana asalin a wata folda daban, na yi kwafin leyar hoton, wato na ɗora wa hoton wata shimfiɗa irinsa a kansa, domin kada in taɓa ta ƙasa, sannan na shiga Image, na zaɓi Precision, na mayar da shi bit 16. Wannan ba ya ƙara wa hoto wani bayani da babu shi, amma yana hana launi yin tsani-tsani idan an yi ta ja da shi.

Akwai wani maɓalli mai suna Shadows-Highlights da ya shigo GIMP a fitowar 2.10 ta 2018, kuma shi ne hannu ke fara kaiwa. Na ɗan ja shi don in ga halin hoton, na mayar. Yana ɗaga duk wani duhu da ke cikin hoton ba tare da tambaya ba, har da 'yan ƙananan inuwoyin da ke gefen kowane zare, alhali su ne ke nuna cewa aikin ya tashi sama da yadi. Idan fuskar mutum ce hula ta yi wa inuwa kaɗan, wannan ya wadatar, ko a waya ma Snapseed zai yi maka. Tawa matsalar ta fi haka.

Sai na koma awo. Idan an buɗe hoton JPEG, kowane ɗigo yana fitowa ne da lambobi uku, na ja da kore da shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. Na sa ma'aunin launi a kan shaddar da rana ta haska, kusa da bakin inuwa, ya ba ni wajen 232 a ja, 229 a kore, 224 a shuɗi. Na matsa kaɗan zuwa cikin inuwar, a kan yadi iri ɗaya, sai na sami wajen 120, 128 da 146. Waɗannan lambobi su ne suka gaya min aikin da ke gabana. Ja ya faɗi kusan rabi, shuɗi kuwa bai faɗi haka ba. Wato inuwar ba baƙa ba ce kamar yadda ido ke ɗauka, shuɗiya ce. Dalili kuwa shi ne, wurin da jikin Yaya ya tare wa rana ba ya samun haske sai daga sararin sama, sama kuma a ƙarshen damina shuɗiya ce garau. Da a hunturu ne, lokacin da hazo ya game gari, da inuwar ta fi laushi kuma shuɗinta bai kai haka ba. Da kusa da jan bango aka shimfiɗa rigar, da ja-ja za a gani a gefen. Shi ya sa wanda ya ƙara haske kawai yakan ƙare da wani tabo mai ruwan bula a tsakiyar farin yadi, ya rasa abin da ya jawo.

A kan leyar sama na buɗe Curves, wato zanen layin nan da ya taso daga kusurwar ƙasa ta hagu zuwa ta sama ta dama. Ban taɓa layin gaba ɗaya ba, launi-launi na bi. A ja, na jawo ƙarshen layin na sama zuwa hagu har 120 ya koma 232. A kore 128 ya koma 229, a shuɗi 146 ya koma 224. Na bar kowane layi a miƙe daga sifili, ban lanƙwasa shi ba, saboda inuwa rage haske take yi da kaso ɗaya a kan fari da duhu, don haka da kaso ɗaya ya kamata a mayar. Da na danna OK, duk inda rana take a hoton ya ƙone ya zama fari fat, ba a ganin komai. Hakan ake so. Cikin inuwar ne kawai ya dame ni, shi kuwa ya dawo farar shadda, asaken suka fito da ruwan madararsu.

Yanzu ina da hoto biyu a kan juna: na ƙasa mai kyau a rana, na sama mai kyau a inuwa. Abin da ke haɗa su shi ne mayafin leya, wanda ake samu a Layer, Mask, Add Layer Mask. Aikinsa kamar salatif ɗin da mata ke liƙawa a hannu kafin su sa jan lalle ne: inda aka rufe ba ya kamawa, inda aka bari yana kamawa. Baƙi a mayafin yana ɓoye leyar sama, fari yana bayyana ta, ruwan toka kuma yana bayyana ta rabi-rabi.

A nan ne aikin ya fi cin lokaci, kuma a nan ne gyaran mutane da yawa yake tonuwa. Tsakiyar inuwa ba ta da wuya. Bakinta ne. Rana ba ɗigo ba ce, faɗinta a sama ya kai kimanin rabin digiri, saboda haka bakin inuwa ba ya yankewa kamar da reza, a hankali yake shuɗewa daga duhu zuwa haske. Abin da ke nesa da yadi da mita ɗaya, bakin inuwarsa yakan yi laushin kusan santimita ɗaya, idan mita biyu ne ya ninka. A hoton Yaya, bakin inuwar wayar ya fi kaifi, na kansa ya fi faɗi, ita kuwa igiyar shanya, da yake siririya ce kuma tana can sama, inuwarta ba ta da baƙar tsakiya ko kaɗan, toka-toka ce daga gefe zuwa gefe. Idan ka zagaye inuwa da hannu ka ba ta laushi iri ɗaya ko'ina, wani wuri zai bar maka baƙin zobe, wani kuma farin zobe mai ƙyalli, kuma ido yana kama wannan zoben tun kafin ya kalli rigar.

Don haka ban zana mayafin da hannu ba, daga hoton kansa na ciro shi. Na yi wani kwafi na asalin, na cire masa launi ya zama baƙi da fari, na dusashe shi da Gaussian Blur daidai gwargwadon da zare da furannin shaddar za su ɓace amma siffar inuwar ta tsaya. Sai na ja Levels har wurin rana ya zama fari tas, tsakiyar inuwa ta zama baƙa ƙirin, bakin kuma ya riƙe tokarsa yadda take. Na juya launin, baƙi ya koma fari, na kwafe shi na manna a cikin mayafin. Da yake yadin fari ne, wannan dabara ta zauna sosai, domin kusan duk wani duhu mai faɗi a kansa inuwa ce. A atamfa mai launuka da yawa ba za ta zo da sauƙi haka ba, dole hannu ya yi yawancin aikin.

Mayafin ya kwaso har da abin da ban aike shi ba: tabarma, ramin wuya, da ninkin hannun riga. Na ɗauki buroshi mai laushi na shafe su da baƙi. Wannan zaɓi ne da na yi da gangan. Inuwar da ke cikin ninki ita ce ke nuna nauyin shadda da yadda take zuba, siririyar inuwar da ke gefen rigar a kan tabarma kuma ita ce ke zaunar da ita a ƙasa. Na sha ganin hotunan kaya a Instagram da aka share musu kowace inuwa, sai ka ga riga tana shawagi, ba ka san kaurinta ba, ba ka san inda ta faro ba. Inuwa uku kawai na zo cirewa, ta kai, ta hannu da waya, da ta igiya. Sauran na rigar ne.

Daga nan sai bin baki a hankali. Na rage ƙarfin buroshi zuwa kashi 10 cikin ɗari, na zuƙo hoton, ina bin layin inuwar. Inda na ga duhu ya rage sai in shafa fari a mayafin, inda haske ya yi yawa in shafa baƙi. Maɓallin X yana musanya launukan biyu, don haka yatsana na hagu yana kansa, na dama yana kan linzamin kwamfuta. Lokaci-lokaci nakan janye hoton ya koma ƙarami, saboda tabon da ba ya ganuwa a kusa yakan fito fili daga nesa. Ba aiki ne na gaggawa ba. Idan ido ya gaji yakan fara yarda da abin da bai kamata ba, sai in tashi in sha ruwa in dawo.

Duk da haka wani siririn sawu ya rage a wasu wurare. A kan yadi zalla na yi amfani da Heal: a riƙe Ctrl a danna wuri mai kyau, sannan a shafa a kan sawun, shi kuma ya ɗauko saƙar can ya daidaita ta da hasken nan. Furannin shadda inji ne ya saƙa su, maimaita kansu suke yi, don haka aron fure daga gefe bai canza gaskiyar yadin ba, muddin an daidaita shi a kan layinsa. Amma inda sawun igiya ya ratsa tambari, ban yarda in ari zare daga wani wuri ba. Tambari zagaye yake yi, kowace suka tana fuskantar wani gefe daban, kuma hannun Yaya ne ya ajiye ta a wurin. A nan na yi amfani da Wavelet-decompose da ke ƙarƙashin Filters, Enhance. Yana rarraba hoto zuwa leya-leya: ƙananan bayanai irin su zare suna sama, launi da haske masu faɗi suna can ƙasa a leya ta ƙarshe. A wannan ta ƙarshen kaɗai na shafa, na daidaita hasken, zaren da ke sama ko ɗaya bai motsa ba. Da na haɗa su, layin igiyar ya ɓace, tambarin yana nan da sukarsa yadda aka yi ta.

Akwai farashin da ake biya idan an ɗaga duhu. Kyamarar waya ba ta tara haske mai yawa daga inuwa, kuma da ka ninka ɗan abin da ta tara, sai ka ninka har da ƙurar da ke cikinsa. Wurin da na ɗaga ya fito da ɗige-ɗige masu ja da kore, a wasu wurare har ana hango 'yan murabba'an da JPEG ke yanka hoto a kansu, masu ɗigo 8 a tsaye 8 a kwance. Na sa Noise Reduction kaɗan, a wannan yanki kawai. Na tsaya tun ƙurar ba ta gama tafiya ba, domin idan aka matsa, zare ne zai bi ta. Da wayar ta ɗauka a tsarin RAW, wanda kan ajiye matakan haske dubbai maimakon 256, da an sami sarari fiye da haka.

Abu ɗaya ne babu manhajar da za ta dawo da shi ta hanyar gaskiya, shi ne ƙyallin shadda. Shaddar da ta sha bugu tana mayar da hasken rana kai tsaye, shi ne wannan walƙiyar da ake sayenta dominta. A cikin inuwa ranar ba ta taɓa yadin ba, don haka walƙiyar ba ta shiga kyamara ba tun farko. Haka ma 'yan inuwoyin gefen zare: hasken sama daga ko'ina yake zuwa, ba ya fitar da tudu da kwari kamar rana. Sakamakon haka, wurin da na gyara ya yi daidai da sauran a launi da haske, amma ya fi su kwanciya. Na ɗan ƙara masa kaifi da Unsharp Mask, da faɗi babba da ƙarfi kaɗan, asaken suka ɗan tashi. Zan iya zana ƙyalli na ƙarya da farin buroshi, kuma da wuya wani ya gane. Ban yi ba. Mutum zai kalli hoton nan ya ba da kuɗinsa da yadinsa, ya jira watanni. Ina so abin da ya gani ya zama abin da hannun Yaya ya yi, ba abin da nawa ya ƙara ba.

Wannan ne ma ya sa idan aka kawo min hoton fasfo mai inuwa a bayan kai ko a gefen fuska nakan ce a je a sake ɗauka. Ƙa'idar hoton bizar Amurka, alal misali, ta hana a taɓa kamannin mutum da kwamfuta, kuma sake ɗauka minti nawa ne. A matsa daga jikin bango kamar taku biyu, a fuskanci taga, inuwar za ta faɗi ƙasa da kanta. Gyara na hoton da ba za a iya maimaitawa ba ne.

Ragowar inuwar kai da ta zuba a kan tabarma ban wahalar da kaina a kanta ba. Na yanke ƙasan hoton, abin da ya saura na rufe shi da Clone daga saƙar tabarmar da ke gefe, ina bin layin kabar don kada ya karkace.

Da na gama na tura masa biyun a jere, na farko da na gyara. Na ce, "Yaya, ni haske na sani, kai ka san allura. Ka zuƙo aljihun ka bi asaken ɗaya bayan ɗaya, ka duba tambarin. Sannan ka ɗauko ragowar zaren ka fita waje ka gwada launinsa da na hoton." Na nemi ya fita waje ne saboda ƙwan lantarki yana canza wa ido launi, fuskar waya ma kowace da irin nata hasken. Bayan sallar la'asar ya kira. Ya ce asake takwas cif, kowace da bakinta, har wani wuri a gindin aska ta uku inda ya sake zare ya gane shi. Ya lura da kwanciyar da na faɗa, ya ce yadin wurin kamar bai sha bugu sosai ba. Na yi masa bayanin dalili, ya ce a bar shi haka.

Na fitar da kwafi biyu ta Export As, duka JPEG a inganci 90, da tsarin launi na sRGB wanda wayoyi da shafukan intanet suka fi ganewa. Ɗaya cikakken girma, ɗaya kuma na rage shi zuwa 1080 a faɗi da 1350 a tsayi don Instagram, saboda gara in rage da kaina da in bar manhaja ta rage yadda ta ga dama. Na tura masa su a matsayin takarda. Fayil ɗin aikin, mai ƙarshen XCF, na ajiye shi da duk leyoyinsa da mayafinsa, domin Yaya ya ce yana so a wanke hoton babba ya rataya a shago. Takarda ba ta da haske a bayanta kamar waya, hoto yakan fito da ɗan duhu, kuma ƙurar da ta ɓuya a ƙaramin allo takan bayyana idan an faɗaɗa. Na ce masa ya bari in fara sa a wanke yankin aljihun kaɗai a ƙaramar takarda, mu ga yadda ya fito, kafin a biya kuɗin babban.